Na bar tuwo da fura kuma ina shan maganin suga, jiya na kusa faɗuwa a masallaci

Mushe_Birni:
Assalamu alaikum ƴan gurup. Ina da tambaya, kuma ina roƙon wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi. Shekara huɗu ke nan da aka ce mini ina da diyabet, ina shan ƙwaya iri biyu safe da dare. Ɗana da ke karatu a Yamai ne ya turo mini bidiyo na wasu da suka bar tuwo da shinkafa da burodi kwata-kwata, sai nama da ƙwai da ganye, wai sugansu ya koma daidai har sun aje magani. To ni ma na shiga, yau kwana goma sha ɗaya ban sha fura ba ban ci tuwo ba, shayi ma ba sukari. Kwanakin farko wallahi na ji daɗi don aparai, wato na'urar awon suga, yana nuna mini giram 1,10 ko 1,00 da safe, ni da na saba ganin 1,80. Amma jiya bayan sallar azahar ina cikin masallaci sai gumi ya karyo mini, hannuna na rawa, idona na ganin duhu-duhu, sai da maƙwabcina ya riƙe ni ya zaunar. Da aka kai ni gida na auna na ga 0,52. Magani kuwa ban taɓa fashinsa ba ko sau ɗaya. Shin rejim ɗin ne bai karɓe ni ba, ko maganin ne ya kamata in aje tunda sugan ya sauka da kansa?

Maman_Rabi:
Innalillahi, sannu Mushe, Allah ya kiyaye gaba. 0,52 fa ba wasa ba ne. Me aka ba ka da ka iso gida?

Mushe_Birni:
Amin Hajiya. Uwargida ce ta dama mini kunu da sukari ta tsaya a kaina sai da na shanye. Bayan kamar minti ashirin na dawo hayyacina.

Majo_Garin_Malam:
Mushe sannu da jiki. Uwargida ta yi daidai, Allah ya saka mata. Kafin kowa ya ba ka shawara, ɗauko kwalayen maganin ka rubuto mana sunan da ke jiki da lambar da ke gabansa. "Ƙwaya iri biyu" ba za ta isa a ce maka komai ba, don magungunan suga ba aikinsu ɗaya ba.

Mushe_Birni:
Ɗaya metformin 850, babbar, ɗaya kuma gilibenkilamid 5, ƴar ƙarama. Duka safe da dare. Sai na tansiyo guda da safe.

Majo_Garin_Malam:
To ga inda gizo ke saƙa. Metformin hanta take hanawa zubo suga da yawa cikin jini, ita kaɗai da wuya ta kada mutum. Ƴar ƙaramar nan kuwa, gilibenkilamid, matsa wa pankiriyas take, wata gaɓa ce a cikin ciki, ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ka ci ko ba ka ci ba ita ba ruwanta. Lokotoron da ya rubuta maka ita ya auna ta ne bisa tuwo da furar da ya san kana ci. Kai kuma ka janye tuwon ka bar ƙwayar yadda take, insulin ya fito bai tarar da abin da zai yi aiki a kansa ba sai ɗan sugan da ya rage a jininka, shi ne ya kwashe shi har ka ga 0,52. Duk abin da ya yi ƙasa da 0,70 faɗuwar suga ce, ipo kenan. Kuma wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki, mutum zai iya sha sukari ya farfaɗo bayan awa kaɗan ya sake faɗuwa, har cikin barci.
Abin da nake roƙonka, yau ɗin nan ka kira wanda ke duba ka ka faɗa masa lambar da ka gani da abin da ka daina ci. In ba ka same shi ba, kar ka haɗiyi ƴar ƙaramar a kan ciki babu tuwo, ka ci abincinka na da har gobe da safe ka isa likita. Ka sa sukarin shayi mai ƙwaya-ƙwaya a aljihu, in ka ji rawar jiki da gumi ka sha uku, wajen giram 15 kenan, ka jira minti 15 ka sake aunawa, in bai hau ba ka ƙara uku, in ya hau ka bi shi da abinci. Kuma ka aje moto tukuna.

Ɗan_Zango_77:
Majo da girmamawa amma ku ma'aikatan asibiti kullum sai ku mai da mutum kan tuwo don ya ci gaba da sayen magani. Mushe kar ka karaya, abin da ya same ka shaida ce rejim ɗin yana aiki. Ni wata takwas kenan ina kai, kilo 98 nake da yanzu 84, ban taɓa faɗuwa ko sau ɗaya ba, gwiwata ta daina ciwo, fitsarin dare da nake tashi sau biyar yanzu sau ɗaya. Maganin za ka zubar ba rejim ba

Majo_Garin_Malam:
Ɗan_Zango ina taya ka murna da gaske, kilo 14 ba ƙaramin aiki ba ne. Wane magani kake sha lokacin da ka fara?

Ɗan_Zango_77:
Glucophage kaɗai

Majo_Garin_Malam:
Shi ne metformin ɗin. Ka ga shi ya sa ba ka faɗi ba. Kai da Mushe ciwonku sunansa ɗaya amma abin da ke aljihunku daban. Ban ce ya bar rejim har abada ba, cewa na yi a gyara magani tukuna sannan a rage tuwo. In kuma ya zubar da duka biyun yau da kansa, wa zai lura in sugan ya koma 3,00 nan da sati biyu?

Hajiya_Tudun_Jamus:
Ɗan_Zango ɗana ka ji tsoron Allah da cewa mutum ya zubar da magani. Ni wannan abin ya taɓa ni a gida. Innarmu shekararta ta haura saba'in, ita ma irin ƴar ƙaramar ƙwayar nan take sha, sai wata maƙwabciya ta ce mata ta bar fura ta riƙa shan ruwan zogale da hulba. Ba mu sani ba ashe kwana uku ba ta cin abin kirki amma ƙwaya tana sha a kan lokaci saboda tsoron kar a yi mata faɗa. Da asuba muka tarar tana surutai ba kan gado, tana zagin mutane, matar da ko muryarta ba a ji, bakinta ya karkace. Wasu suka ce iska ce aka fara turare da tofi, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya sa ƙanena ya zo ya ce a tafi asibiti yanzu-yanzu, ana aunawa 0,30 da wani abu, aka yi mata allurar ruwan suga ta jijiya kafin minti goma ta buɗe ido tana tambaya me ya kawo ta nan. Kwana biyu aka riƙe ta da serom don da an cire sai ya sake sauka. Har yau in na tuna awannin da muka ɓata muna turare sai gabana ya faɗi.

Maman_Rabi:
Allahu akbar. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Majo_Garin_Malam:
Amin. Tunda Hajiya ta kawo wannan, kowa ya riƙe: mai suga in ya fara surutai ko fushi ba dalili ko ya yi kamar mai maye, a auna shi kafin komai, in babu aparai kuma yana iya haɗiya a ba shi sukari. In ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi a gefe a nufi asibiti. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda su ne gilibenkilamid ta fi daɗewa a jikinsu.

Abdul_Kara2:
Ni duk wannan maganar nama da ƙwai ce ke ɗaure mini kai. Masu bidiyon nan a ina suke zaune? Magidanci mai ƴaƴa takwas da kyar yake cika tiyar hatsi, ka ce masa ya karya da ƙwai huɗu ya yi rana da tsire. Wannan rejim na masu albashi ne, talaka tuwo ne gatansa

Ƴar_Mirya:
Yaya Abdul ba sai nama ba fa. Mijina shekara shida yana da suga kuma mu ba masu hali ba ne. Abin da nake yi, kopto na zogale ko tafasa ko rama da ƙuli-ƙuli shi ne ya cika masa kwano, sai tuwo rabin malmala a gefe da miyar kuɓewa ko kuka mai yawa. Da safe awara da kabeji da tumatir, wani lokacin wake da mai da yaji ba shinkafa. Nono yana sha amma ba a dama masa fura ciki sai ƴar kaɗan kuma ba sukari. Lokacin sanyi da kayan lambu ke araha a Kasuwar Dole ai mu kakarmu ta yanke saƙa, salati, yalo, gurji, shu. Wahalar tana zuwa ne da bazara in ganye ya yi tsada, sai mu koma busasshen zogale da na shanya tun kaka. Bai bar tuwo ba, rage shi ya yi, kuma lokotoronsa ya san da haka.

Abdul_Kara2:
Wake ba shi da suga ne? Ni na ji an ce shi ma yana da

Ƴar_Farmasi:
Yana da sitaci, amma da ɗan dama-dama, kuma yana da harza da ke sa shi narkewa a hankali, shi ya sa ba ya harba suga sama kamar farar shinkafa ko burodi ko maka. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da gulusid, wato sitaci da sukarin da ke cikin abinci, wajen giram 28, kuma wa ke cin giram 100 a faranti, sai dai ninki uku ko huɗu.
Bari in raba abu biyu da ake haɗawa a nan. Abin da Ƴar_Mirya ke yi ragewa ce, masana suna kiran rejim mai ƙarancin gulusid in mutum yana cin ƙasa da giram 130 a yini. Abin da Mushe ya shiga kuwa shi ne keto, giram 20 zuwa 50 kacal a yini, kusan a ce babu tuwo babu fura babu ko mangwaro. Tazarar tana da yawa, kuma haɗarin ga mai shan magani ya fi yawa a na biyun.
Sunayen da ya kamata ku duba a kwali: gilibenkilamid shi ne Daonil, danginsa su ne gilikilazid wato Diamicron da gilimepirid wato Amarel. Akwai kuma Glucovance, wadda metformin ce da gilibenkilamid a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, mutane da yawa suna zuwa mini suna cewa metformin kaɗai suke sha alhali ita ce a hannunsu. Duk mai shan ɗaya daga cikin waɗannan, ko mai yin pikir na insulin, bai kamata ya taɓa kwanon tuwonsa ba sai an zauna da shi an sake lissafi.

Bagobirin_Damagaram:
Ni dai abin da na sani hatsi ba shi sa suga, kakanninmu hura da tuwo suka ci har suka shekara ɗari ba su san diyabet ba. Shinkafar waje da maka da lemun kwalba su ne suka kawo muna wannan bala'i. A koma ma hatsi da acca a ga in ba a warke ba

Malam_Habu_Tela:
Bagobiri kakanninmu daga gona suke zuwa gona da ƙafa, matan suna daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Mu yanzu daga kan keken ɗinki sai kabu-kabu. Ni ma haka na yarda da, hatsi ba ya sa suga, sai da na gwada da aparai. Na sha fura ludayi cike-cike yadda na saba ba sukari, bayan awa biyu na auna 2,40. Washegari na ci ƙwai biyu da kopto, bayan awa biyu 1,35. Acca ma na saya da tsada na gwada, ta hau, ba kamar shinkafa ba amma ta hau. Duk abin da aka yi da gari yana komawa suga a ciki, sai dai wani ya fi wani sauri. An ce mini bayan cin abinci da awa biyu a nemi ƙasa da 1,80, to da wannan nake gane abin da jikina ke ɗauka. Bandalet ɗin da ake ɗiga wa jini a sa cikin aparai ne dai tsada, shi ya sa ba kullum ba, in zan gwada sabon abinci nake kashe guda biyu.

Bagobirin_Damagaram:
To zuma hwa? Ita ai magani ce

Ƴar_Farmasi:
Zuma tana da albarkarta Baba, amma wajen kashi 80 cikin ɗari nata suga ne. Dabino ma busasshe ya haura rabi suga. Ga wanda sugansa ya faɗi kamar Mushe jiya suna da amfani sosai, amma ba a sha da cokali kullum da sunan maganin diyabet.

Uwar_Nana:
Don Allah ina so in sa baki saboda iyaye irina. Ƴata shekararta tara, tun tana da shida aka gano nata, irin na yara ne wanda jiki ba ya yin insulin ko kaɗan. Sau nawa dangi suna turo mini irin bidiyon nan suna cewa in hana ta tuwo in daina huda ta da allura, wata gwaggonta har kuka ta yi wai mun mai da yarinya abin tausayi. Lokotoronta ya zaunar da mu ya ce kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yunwa ce kaɗai maganin da ake yi wa irin waɗannan yaran, a hana su abinci su ƙara ƴan watanni ko shekara su rasu a rame, sai a farkon 1922 aka fara yi wa wani yaro allurar ya rayu. Mai irin ciwon Nana ko bai ci komai ba yana bukatar insulin, in aka daina kwana kaɗan ne jini zai lalace a kai shi a sume. Masu cewa a zubar da magani su riƙa tunawa ba manya masu ƙiba kaɗai ke karanta su ba. Mu nan fama muke da inda za mu aje kwalbar in kuran ya ɗauke, cikin ƴar tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen rairayi nake sa ta kusa da randa.

Ɗan_Zango_77:
Uwar_Nana ki yi haƙuri wallahi ban nufi yara ba, Allah ya ba Nana lafiya. Ni irin namu na manya nake magana. Amma ina nan kan bakana cewa ana rabuwa da shi, ba dole mutum ya mutu yana haɗiyar ƙwaya ba, abin da ke ƙona mini rai shekara uku ina zuwa ana sabunta mini ordonansi ba wanda ya taɓa tambayata me nake ci

Ɗalibin_Likita_Zr:
Yaya Ɗan_Zango a nan kana da gaskiya, kuma ba a bidiyo kaɗai take ba. Akwai binciken da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow suka jagorance shi, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a ƙarshen 2017. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin sugansu ya dawo ƙasa da mizanin diyabet ba tare da magani ba, bayan shekara biyu kashi 36. Waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne a cikinsu. Amma a duba su wane ne: masu ƙiba ne, ciwon bai wuce shekara shida ba, ba mai yin insulin a cikinsu. Kuma ba keto suka yi ba, abinci gaba ɗaya aka rage musu zuwa wajen kalori 850 a yini na wata uku zuwa biyar. Abin da ya fi shafar maganarmu, ma'aikatan lafiya ne suka tsayar musu da maganin suga da na tansiyo tun ranar farko suna bin su da awo. Ƙungiyar diyabet ta Amurka ma a 2019 ta amince rage gulusid hanya ce mai hujja ta saukar da suga, tare da gargaɗin a gyara magani. Kalmar da ake amfani da ita lafawa ce ba warkewa ba, in kilo ya dawo ciwon yakan dawo. Sannan da yawa daga masu suga na nan ba su da ƙibar da za su rage, wani in ka ce ya zubar da kilo 15 me zai saura?

Mushe_Birni:
Ni kilona 71 ne ɗana, ban taɓa ƙiba ba. A kwana goma sha ɗayan nan na rage biyu da rabi. Kuma akwai abin da ban faɗa ba, in na miƙe daga zaune jiri nake ji ko da sugan yana daidai.

Majo_Garin_Malam:
Wannan ma ka faɗa wa lokotoro gobe. Farkon barin sitaci jiki yana zubar da ruwa da gishiri ta fitsari, yawancin kilo biyun nan ruwa ne. Tansiyo yana sauka, ga ƙwayar tansiyo a kai, in irin mai sa fitsari ce abin ya haɗu, ga zafin garin nan da ke wuce 40 a Afrilu da Mayu. A auna maka shi a zaune da a tsaye.

Alhaji_Transit:
Salam. Ni nawa maganin daga Kano nake sayowa, Jardiance, an ce mini shi ba ya kada suga. Kenan ni zan iya shiga keto ɗin ba matsala? Don tumbin nan ya dame ni

Ƴar_Farmasi:
Alhaji don Allah a'a, kai ne ma na fi ji wa tsoro a duk gurup ɗin nan. Jardiance da Forxiga ta fitsari suke fitar da suga, gaskiya ne su kaɗai ba su cika kada shi ba, amma in aka haɗa su da keto ko doguwar yunwa suna iya sa jini ya yi tsami da sinadarin da ake kira keton, kuma mugun abin shi ne aparai zai nuna maka lamba mai kyau, 1,30 ko 1,50, alhali kana cikin haɗari. Alamunsa amai, ciwon ciki, kasala mai tsanani, numfashi da sauri-sauri. Wanda ya ga haka asibiti kai tsaye kuma ya faɗi sunan ƙwayar da bakinsa. Ka rage lemun kwalba da alkaki da shayin dare mai sukari, ka rage malmala, wannan ba laifi, amma keto kam sai ka zauna da wanda ya rubuta maka ita.

Alhaji_Transit:
To madalla da na tambaya. Na gode ƴata

Saadou_Libiya:
ni aparai na da na zo da shi daga Sabha 5,8 yake nuna mani da safe ku kuma ina ji kuna cewa 1 da wani abu, kenan nawa ya yi mugun hawa?? amma ba na jin komai

Ɗalibin_Likita_Zr:
Kwantar da hankalinka Saadou, ma'aunin ne daban. Duba gefen lambar za ka ga an rubuta mmol/L. Ka ninka da 18, 5,8 ya zama wajen 104, wato 1,04 a lissafinmu na giram. Lafiya lau ne. A irin naka faɗuwar suga tana farawa daga ƙasa da 3,9.

Maman_Rabi:
Ni abin da ba a taɓo ba shi ne zaman gida. Namiji in ya ce zai yi rejim mata ce za ta ɗora tukunya biyu, mace in ita ce mai ciwon wa zai ɗora mata? Ni kwano ɗaya muke ci da kishiyata da yara, in na ja hannu da wuri a ce fushi nake, in na je biki ko suna na ƙi shinkafa a ce girman kai. Sai da na fito fili na faɗa wa kowa ciwona sannan aka sarara mini. Yanzu in an zubo ni miya da ganye nake bi in ɗan taɓa tuwon. Ɓoyewar nan da muke yi tana cutar da mu, don ranar da ka faɗi ba wanda ya san sukari zai ba ka.

Hajiya_Tudun_Jamus:
Wallahi Maman_Rabi kin faɗi gaskiya. Mushe da maƙwabcinka ya san kana da suga ai tun a masallacin zai nemo maka.

Malam_Habu_Tela:
To masu azumin Litinin da Alhamis fa Majo, ga kuma Ramadan in Allah ya kai mu? Wanda ke rejim kuma yana shan irin ƙwayar Mushe

Majo_Garin_Malam:
Malam Habu wannan babi ne mai zaman kansa, a buɗe masa tasa muhawarar. A taƙaice dai azumi da rashin sitaci da gilibenkilamid abu uku ne masu ja ƙasa a lokaci ɗaya. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa, mai azumi in ya auna ya ga ƙasa da 0,70 ko sama da 3,00 ya karya nan take ko da saura kaɗan a sha ruwa. A je a gyara awannin magani tun kafin wata ya kama.

Mushe_Birni:
Salam ƴan uwa, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Shekaranjiya na je na ga lokotoro da kwalayen da takardar da na rubuta lambobin kwana goma sha ɗaya. Bai yi mini faɗa kan rage tuwo ba, faɗan da ya yi na rashin sanar da shi ne. Ya tsayar da ƴar ƙaramar, ya bar metformin yadda take in riƙa sha a tsakiyar abinci, ta tansiyo ya raba ta biyu. Ya ce keto ba nawa ba ne tunda ba ni da jikin da zan rage, in koma kamar yadda Ƴar_Mirya ta kwatanta, rabin malmala da dare, wake ko awara da rana, ganye da yawa. Ya rubuta mini analiz na ƙoda da wanda ke nuna sugan wata uku, HbA1c, ya ce ƙasa da 7 muke nema. Zan riƙa awo da safe da kuma bayan abincin dare in koma bayan sati biyu, in ya ga yana wuce gona da iri zai sa mini wata. Yau da safe 1,28. Na gode Majo, na gode Hajiya, labarin Inna ne ya sa ban yi jinkiri ba. Liman da maƙwabtana ma na faɗa musu.

Ɗan_Zango_77:
Alhamdulillah. Kun gani dai, ƙarshenta maganin aka cire kamar yadda na ce

Hajiya_Tudun_Jamus:
Ɗaya aka cire ɗana, kuma wanda ya sa ta ne ya cire ta, ya bar ɗaya.

Abdul_Kara2:
Ni har yanzu ina ganin wanda ba shi da kuɗin bandalet da analiz gara ya ci tuwonsa ya sha ƙwayarsa yadda aka ce masa, rejim ba awo ai tafiya ce cikin duhu

Ƴar_Mirya:
Yaya Abdul ko ba awo barin sukari a shayi da lemun kwalba ba ya bukatar ko dala. Kuma ana awo a farmasi da likitar unguwa in mutum ba shi da aparai.

Zeinabou_Sabongari:
Salam, yanzu aka sa ni a gurup ɗin na karanta tun daga sama jikina ya yi sanyi. Mamana allurar insulin ta Mixtard take yi safe da yamma, sati ɗaya kenan ta daina shan kunun safe wai tana ragewa, allurar kuma muna yi mata yadda aka saba. Jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ce kanta na juyawa muka ce rana ce

Majo_Garin_Malam:
Zeinabou kuna da aparai a gida? Ki auna ta yanzu ki rubuto mini lambar, da yawan da kuke ja a sirinji safe da yamma. Gobe kar a yi mata ta safe sai kunun yana gabanta, kuma ku kai ta wurin mai duba ta a goben.

Zeinabou_Sabongari:
To Baba, bandalet ɗinmu sun ƙare, bari in aiki yaro farmasi